Surukata ta kama mana tebur a mashaya ranar Kirsimeti

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, ina aikin jinya a wani gari a arewacin Ingila. Shekara bakwai ke nan da aurena da wani Bature wanda ya musulunta tun kafin mu haɗu, muna da yara biyu, mace mai shekara biyar da namiji mai uku. Tun da na shigo danginsa, kowace Kirsimeti gidan iyayensa muke zuwa cin abincin rana. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Mama, ba ta taɓa ɓata mini ba. Takan tuƙa mota har Bradford ta sayo talotalon halal saboda mu, ba ta sa naman alade a girkin ranar, kuma ba a buɗe kwalbar giya sai mun tafi.

A watan Maris mahaifinsa ya rasu. Makon jiya Mama ta kira ta ce bana ba za ta iya girki ba, ta riga ta kama mana tebur na mutum tara a mashayar ƙauyensu, inda marigayin yakan je hira kowane mako. Ta biya kafin alƙalami fam 20 a kan kowane mutum, ragowar za a cika a farkon Disamba. Ƙanwar maigidana da mijinta da 'ya'yansu za su zo, su kuwa suna sha.

Anti, tun da ta faɗa ban yi barcin kirki ba. Ban taɓa taka ƙafata mashaya ba, yaya zan shiga da hijabina, riƙe da hannun 'ya'yana? Maigida ya ce abinci kawai za mu ci mu fito, kuma in muka ƙi zuwa, mahaifiyarsa za ta ɗauka Musulunci ya raba ta da ɗanta a shekarar da ta rasa miji. Na gaya wa Innata a waya, ta ce ba da yawunta ba. Yanzu ni da maigida daga gaisuwa sai maganar yara. Ba na son in saɓa wa Allah, ba na kuma son in karya zuciyar matar da ta riƙe ni kamar 'yarta. Ina mafita?

Daga 'yar'uwarku a arewacin Ingila.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba maigidanki da mahaifiyarsa haƙurin wannan rashi, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Kin kyauta da ba ki yi gaggawar ba Mama amsa ba, domin amsar da aka bayar cikin firgici ita ke da wuyar janyewa.

Bari mu fara da Mama. A wasiƙarki kin ji ta bakin maigida, kin ji ta bakin Inna, amma ita da ta haddasa zancen babu wanda ya zauna ya tambaye ta me ya sa. Matar da ta shekara bakwai tana tuƙi zuwa Bradford neman talotalon halal ba ta wayi gari ta manta ke Musulma ce ba. Abin da ya sauya a rayuwarta guda ɗaya ne, kuma kin san shi. Abincin ranar Kirsimeti a gidan Baturen Ingila aiki ne da ake farawa tun jajibere: ferar dankali, gyaran ganye, tashi da asuba a sa talotalo a gashi, a yi ta duba shi sa'o'i uku ko huɗu. In an gama, a gidaje da yawa maigida ne ke tsayawa a kan tebur da doguwar wuƙa, ya yayyanka naman ya sa wa kowa a faranti. Bana babu mai tsayawa a wurin nan. Ki tuna Babbar Sallar farko bayan rasuwar uba a gidajenmu, yadda ake dawowa daga Idi ga rago a ɗaure, kowa ya yi shiru don an san wanda ya saba riƙe wuƙar ba ya nan. Irin wannan ranar Mama take hangowa tun daga nesa, ta nemi hanyar da ba za ta same ta a ɗakin girkinta da teburinta ba. Mashayar nan kuwa ita ce wurin da ya fi kusa da ita, inda aka san mijinta, inda wataƙila a nan aka taru bayan jana'izarsa, kamar yadda suka saba. Kuskurenta ɗaya shi ne ta biya kuɗi kafin ta tambaye ku. Mai jimami yakan yi haka, ya yanke abu da sauri don kada ya tsaya tunaninsa.

Sai wurin kansa. Abin da Inna ta hango da kika ce mata mashaya, da abin da za ki tarar a ƙauyen Ingila da tsakar ranar Kirsimeti, da tazara a tsakaninsu. Tun da aka hana shan taba a cikin irin waɗannan wurare a 2007, da yawansu sun koma dogaro da sayar da abinci, har wasu suka ware ɓangaren cin abinci daban da kantar giya. Doka ta yarda yara su shiga muddin suna tare da babba. A ranar Kirsimeti musamman, waɗanda suka buɗe sukan yi 'yan sa'o'i ne kawai, kuma teburan duk an kama su tun watanni kafin nan. Abin da za ki gani shi ne kakanni da jikoki sanye da hular takarda mai launi, da jarirai a keken turawa. Ban faɗi wannan don in wanke wurin ba. Giya ce asalin sana'arsa, kuma a ranar ana shan ta sosai. Na faɗa ne don ki cire tsoron abin da babu, ki fuskanci abin da yake akwai.

Abin da yake akwai shi ne teburinku. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa, kuma a kan wannan mafi yawan malamai suke. Saboda haka rashin barcinki ba tsaurin kai ba ne, yana da tushe, kuma kada kowa ya sa ki ji kunyarsa. Amma shi ma maigidanki ba da ka yake magana ba. Aya ta 15 a Suratu Luƙman ta umarci ɗa ya zauna da iyayensa da kyautatawa a duniya ko da ba addininsu ɗaya ba, iyaka dai kada ya bi su a saɓo. Asma'u 'yar Abubakar, da mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan addinin kakanninta, ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ta sadar da zumuncinta, ya ce ta sadar. Wannan yana cikin Buhari da Muslim. To kin ga kowannenku ya kama gefe ɗaya na gaskiya yana ja. Aikin da ke gabanku shi ne ku nemo yadda Mama ba za ta ci abincin ranar ba tare da ɗanta da jikokinta ba, ku kuma ba ku zauna ana miƙa kwalba ta gabanku ba. Ni a ganina hakan zai yiwu, kuma ba ta hanya ɗaya kaɗai ba.

Kafin komai, ki gyara tsakaninki da maigida, don babu abin da zai tafi daidai kuna wannan zaman doya da manja. Ki lura da halin da yake ciki. Wata takwas ko tara da binne mahaifinsa. Mutumin da ya musulunta a Ingila, Kirsimeti ce ranar da ya fi jin nauyin zaɓin da ya yi, domin a ranar ce dangi ke ƙirga wanda ya zo da wanda bai zo ba. Da ya ce miki "abinci ne kawai", ba na jin yana raina addinin da ya bar abubuwa da yawa dominsa. Tsoro yake ji kada a ce ya juya wa uwarsa baya, ya kuma rasa kalmar da zai faɗa miki hakan. Akwai ma abin da ƙila bai furta ba: in a wannan mashayar ya saba zama da mahaifinsa kafin ya musulunta, komawarsa can ba ƙaramin abu ba ne a gare shi. Ki zaɓi dare bayan yara sun yi barci, ki fara da abin da kuka yarda a kai. Ki ce masa, "Baban yara, na yi maka alƙawari Mama ba za ta yi wannan rana ita kaɗai ba. Abu ɗaya ne ya gagare ni, zama a teburin da ake shan giya. Taimake ni mu samo dabara." Za ki ga bambanci tsakanin wannan da ki buɗe baki da "ni fa ba za ni ba". Kada ki jawo masa ayoyi kamar mai yi masa jarrabawa, kada kuma ki ce "Inna ta ce". Da zarar kin sako Inna, kin mai da zancen gasa tsakanin uwarki da tasa, kuma a bana tasa ce za ta fi ba shi tausayi.

Abin da na fi so, in da ni ce, shi ne a ɗauke Kirsimetin gaba ɗaya a kawo ta gidanku. Na ce gidanku, ban ce ki je ki yi girki a gidan Mama ba, domin in gidan nan take gudu, kin mai da ita inda ta fito. A gidanku babu kujerar marigayi, babu kusurwar da ya saba zama. Kuma shi maigida ne zai kai mata wannan magana, ido da ido, ba ta waya ba, ba kuma ta saƙo ba. Ya ce mata shekara bakwai tana ciyar da ku, bana ku ma kuna son ku ciyar da ita. Ke kuma daga baya ki kira ta ki roƙe ta abu ɗaya: ta koya miki yadda take gasa dankalinta da yadda take haɗa romonta. Wannan roƙon yana da muhimmanci fiye da yadda kike zato. Matar da ta yi shekara arba'in tana riƙe da ragamar wannan rana ba ta son a ajiye ta a kujera kamar baƙuwa. Ki ba ta kujera a ƙofar kicin da kofin shayi, ta riƙa ba da umarni, ke da ɗanta kuna aiki. Ki yi odar talotalon tun yanzu a wurin mahautan halal, don a Disamba rububinsa ake yi. Na mutum tara ki nemi mai kilo biyar zuwa shida, in daskararre ne kuma ki ba shi kwana uku a firij kafin ranar. Ki ɗora tukunyar dafa-duka a gefe, ba laifi ba ne teburin ya nuna gidan wa aka zo. Ki tuna kuma ranar 25 ga Disamba jiragen ƙasa ba sa aiki, bas ma kusan babu, 'yan tasi kuma kuɗinsu ya ninka. Gara maigida ya je ya ɗauko ta tun ranar 24 ta kwana, ta wayi gari da hayaniyar jikoki.

Batun kuɗin da ta biya ba shi ne matsala ba, amma a bi shi da hankali. Yawancin wuraren nan ba sa mayar da kafin alƙalamin Kirsimeti, sai dai tebur na wannan rana abin nema ne, in aka sanar da su da wuri wani lokaci sukan yarda a mai da kuɗin zuwa wata rana. In ya salwanta, fam 180 ne duka. Kada ki ƙirgo kuɗi ki miƙa mata a hannu, za ta ji kamar an biya ta ne don a soke shirinta. Maigida ya san hanyar da zai mayar mata ba tare da ta ji ciwo ba, ko ya biya mata wani abu da take shirin biya.

Ƙanwar mijinki kuma kada a tsallake ta. Ita ma uba ta rasa, kuma mai yiwuwa da ita aka shirya zancen mashayar. Yayanta ya kira ta kafin ya je wurin Mama, don kada ta ji labari daga sama ta ɗauka matar yaya ce ke juya gida. A faɗa mata a fili cewa a gidanku ba a shigo da giya. Sun shekara bakwai suna jira ku tafi kafin su buɗe kwalba, saboda haka ba sabon abu kike nema ba. Kuma tunda abin hawa na haya wuyar samu yake a ranar, mai yiwuwa ɗayansu ne zai tuƙa mota zuwa gida, wanda zai tuƙa kuwa da ma ba zai sha ba.

To in Mama ta ce a'a fa? Ki shirya wa wannan, don tana iya cewa can take so, saboda can ne ake tunawa da mijinta. In haka ta kasance, ki sani ba ƙin ki take yi ba. A nan sai ku duba ko za a iya raba teburinku da giya. Maigida ya roƙi ƙanwarsa da mijinta cewa a kan teburin a tsaya ga lemo da ruwa, wanda yake son sha ya tashi ya je kantar giya. Mama da kanta, in aka tambaye ta, ina kyautata zaton za ta goyi bayan haka, tunda ita ta kafa wannan al'ada a gidanta. Sannan a kira manajan wurin a tambaya ko suna da ƙaramin ɗaki na daban, ko tebur a ɓangaren abinci nesa da kantar giya. Ko da an samu duk wannan, tambayar shiga wurin da ake sayar da giya tana nan, kuma a kanta malamai sun sha bamban: wasu sun hana kai tsaye, wasu daga cikin waɗanda ke zaune a Turai sukan sassauta in akwai buƙatar zumunci kuma mutum ba ya kan teburin sha. Ki je ke da maigida wurin limamin da kuka amince da shi a nan Ingila, wanda ya san wuraren ya kuma saba da matsalolin waɗanda suka musulunta, ku ba shi labarin duka, har da rasuwar da talotalon Bradford. Kada ki tura tambayar layi ɗaya a intanet ki ɗauki amsar layi ɗaya.

In kun yanke za ku je, sai ki buɗe ido a kan faranti, don a nan ne abin ya fi ɓuya. Irin waɗannan wurare sukan aiko da takardar zaɓin abinci makonni kafin ranar, kowa ya zaɓa tun daga gida, wannan kuwa dama ce gare ki. Talotalonsu ki ɗauka ba na halal ba ne sai in sun nuna miki shaida. Ko da na halal ne, dubi abin da ke rakiyarsa: a gefen farantin akwai 'yan tsiran alade da aka naɗe da wani siririn naman aladen, cikon da ake cusa wa talotalon sau da yawa da niƙaƙƙen naman alade ake haɗa shi, 'yan ƙananan kabejin nan akan soya su da gutsattsarin alade, dankalin akan gasa shi da kitsen dinya ko na agwagwa, romon da ake kwararawa a sama kuma ba mamaki an zuba masa giyar inabi. Kayan zaƙin ma haka. Baƙin dunƙulen kek ɗin nan mai nauyi da ake kawowa a ƙarshe jiƙe yake da giyar burandi, wani lokaci a ƙara kwarara masa a kunna wuta a gaban mutane, kuma wutar ba ta cinye barasar duka. Wurare da dama ma tun daga ƙofa ake miƙa wa kowane babba kofin giya mai kumfa a matsayin barka da zuwa, wani lokaci gauraye da ruwan lemo har ba za ki gane ba.

Mafi sauƙi ki zaɓi kifi ko abincin da babu nama, ke da maigida da yara. Amma ki lura da abu biyu. Abincin marasa cin nama ya raba ki da alade, bai raba ki da giya ba, don miyar da ake zuba masa tana iya ɗauke da ita, haka ma ta kifin. Na biyu, dokar ƙasar ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da kan tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su gyaɗa, ƙwai, madara, riɗi da kifi, amma alade da barasa ba sa cikin jerin. Saboda haka takardar da za su nuna miki ba za ta amsa tambayarki ba. Ki rubuta musu saƙo a sarari: babu alade, babu kitsen dabba, babu barasa ko a cikin miya, a gasa dankalinku da man girki, kayan zaƙi a ba ku 'ya'yan itace ko askirim. Ki nemi su amsa a rubuce, ranar kuma ki sake tuna wa mai kawo abincin. Kada ki ji nauyi. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai miliyan 3.9 a Ingila da Wales, ba ke ce ta farko da ta yi wa kuku wannan tambaya ba. Farantin yara ki fi sa wa ido, don ɗan tsiran nan shi ne abin da hannun yaro ke fara kai wa, ko daga farantin ɗan'uwansa da ke gefe.

Akwai kuma salla, wadda mutane kan manta da ita sai an zauna. A ƙarshen Disamba a arewacin Ingila Azahar na shiga jim kaɗan bayan sha biyu, La'asar wajen ɗaya da rabi, rana kuma ta faɗi kafin ƙarfe huɗu. In zaman na ƙarfe ɗaya ne ya kai huɗu, La'asar ta tafi. Ku nemi zaman farko, ku yi Azahar a gidan Mama ku taka zuwa can, ku dawo kafin uku. Kuna da hujjar tashi da babu Baturen da zai yi musu da ita: ƙarfe uku Sarki Charles ke jawabinsa na Kirsimeti a talabijin, al'adar da aka faro ta rediyo tun 1932, kuma tsararrakin Mama ba sa son ya wuce su.

In kuwa kin auna duk wannan zuciyarki ta ƙi, ko ƙanwar miji ta ce ba za ta iya cin abincin Kirsimeti babu kofi a gabanta ba, to kada ki je. Zuwa da ɗaurarriyar fuska, kina kallon agogo kina janye hannun yara, ya fi rashin zuwa ciwo, kuma Mama za ta gani. Sai ku raba ranar. Ku isa gidanta da safe, yara su ba ta abin da suka kawo mata, a yi kari tare. Da rana ta tafi da 'yarta, ke ki zauna da yara a gidan ki ɗora shayi, su dawo su same ku. Washegari, 26 ga wata, hutu ne a ƙasar, sai ki yi mata cikakken girki a gidanki. Shi maigida, ko ya raka mahaifiyarsa ko ya zauna da ku, ki bar masa wannan tsakaninsa da Ubangijinsa da malaminsa. Ki faɗi ra'ayinki sau ɗaya, kada ki zama 'yar sanda a kansa. Amma dalilin rashin zuwanki ki faɗa wa Mama da bakinki, kada ki ƙirƙiro ciwon kai ko aikin asibiti. Ki riƙe hannunta ki ce mata addininki ne bai ba ki damar zama inda ake sha ba, kuma ba ki da wata uwa a ƙasar nan sai ita. Ƙarya in ta fito daga baya, ita ce za ta tabbatar mata da abin da ɗanta ke tsoro.

Inna kuma, Allah ya ƙara mata lafiya, tsoronta na uwa ne wadda 'yarta ke nesa, cikin mutanen da ba ta sani ba. Kin ba ta rabin labari cikin tashin hankali, ta ba ki amsar da kowace uwa za ta bayar. Ki sake kiran ta bayan kun tsai da shawara. Ki fara da ba ta labarin matar da ke tuƙi zuwa wani gari don jikokin Inna su ci halal, wadda bana ta zama bazawara. Ki gaya mata kun je wurin malami, ga abin da ya ce, ga kuma sharuɗɗan da kika gindaya. Ki nemi addu'arta. Nan gaba kuma, ƙanwata, abin da ya taso tsakaninki da dangin miji ki fara ƙarar da shi da mijin kafin ya haye teku, don Inna za ta riƙe ɓacin ran bayan ke kin daɗe da mantawa.

Wani ƙaramin abu da kan zama babba: hoto. A irin wannan zama kowa waya na hannunsa, kuma hoto ɗaya na ki da hijabi, ga kofunan teburin maƙwabta a bayanki, in ya hau Facebook ya isa Zariya kafin ki isa gida, babu mai tambayar me ke cikin naki kofin. Ki roƙi ƙanwar miji tun kafin ranar kada a sa hotonki ko na yara. Turawa sun saba da irin wannan roƙo, ba sai kin yi dogon bayani ba.

Lokaci ne kawai ba ku da shi da yawa. Da zarar Mama ta cika ragowar kuɗin a farkon Disamba, asarar ta tashi daga fam 180 zuwa ɗaruruwa, kuma janyewa a lokacin za ta yi kama da wulaƙanci. Ki yi magana da maigida a daren nan ko gobe, ya kira ƙanwarsa a cikin makon, ya kuma je wurin Mama a ƙarshen mako, shi kaɗai, ba tare da yara ba, don ta samu sararin faɗin abin da ke ranta. In ya dawo, ki fara tambayar sa yadda ya same ta kafin ki tambayi abin da ta yanke.